ZUMA

zumā̀¹ (sama-ƙasa; wasalin ƙarshe dogo) *sn., nm./mc.*, ba a faye yi masa jam'i ba. 1. Ruwa mai kauri da zaƙi wanda ƙudan zuma ke haɗawa daga furanni, su tara shi cikin amya, wato gidan da ake ɗaura musu a kan bishiya: *ya sha fura da ~*. 2. Ƙwaron da kansa: *~ ta harbe shi*. 3. *(siff.)* Abu mai daɗin ji: *muryarta ~ ce*. *K. mag.*: ~ ga zaƙi ga harbi. *Haɗ.*: ruwan ~, saƙar ~, kakin ~.

Zuma² *sn. wuri, nm.* 1. Dutsen Zuma: curarren dutse guda ɗaya da ke kusa da Madalla a ƙasar Suleja, Jihar Neja, a gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda a jikinsa ake ganin wata siffa mai kama da fuskar mutum, kuma hotonsa ne aka buga a takardar naira 100 da ta fito a 1999. Kuskure ne a ɗauka cewa daga zumā̀¹ sunan ya samo asali, domin kamar furuci kawai suka yi. 2. Bikin baje kolin fina-finai da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ke shiryawa, wanda ya ari sunan dutsen.

Zuma³ *sn. mutum.* Sunan dangi a wajen Zulu: Jacob Zuma, shugaban Afirka ta Kudu, 2009–2018.