Cardiacs: ƙungiyar da jaridu suka ƙi, makaɗa suka riƙe

Cardiacs ƙungiyar makaɗan rok ce ta ƙasar Ingila. Tim Smith da wansa Jim Smith ne suka kafa ta a shekarar 1977 a garin Kingston upon Thames, kudu maso yammacin Landan, lokacin Tim yana ɗan shekara 16. Duk tsawon rayuwar Tim, waƙarsu da ta fi kowace kasuwa ba ta wuce lamba ta 80 ba a jadawalin cinikin waƙoƙi na Birtaniya. Amma idan aka tambayi manyan makaɗan rok na ƙasar da na Amurka wa ya buɗe musu kunne, sunan Cardiacs ba ya daɗewa bai fito ba. Tarihinta na kiɗa ne da ya yaɗu daga hannu zuwa hannu, aboki ya ba aboki, ba tare da taimakon gidajen rediyo ko 'yan jarida ba.

Mafari

Shekarar da aka kafa ƙungiyar ita ce shekarar da kiɗan pank ya cika Landan. Matasa irin su Sex Pistols sun zo da gajerun waƙoƙi masu ihu da fushi, suna yi wa manyan ƙungiyoyi irin su Yes da Genesis dariya saboda dogayen waƙoƙinsu masu sarƙaƙiya da nuna gwaninta. A wancan lokaci dole matashi ya zaɓi ɓangare. Tim Smith ya ƙi zaɓa. Ya ɗauki saurin pank da haukarsa, ya haɗa da sarƙaƙiyar waɗanda pank ɗin ya zo ya rusa. Wannan ne asalin ɗanɗanon kiɗansu, kuma shi ne asalin baƙin jinin da suka yi wajen masu sharhi.

A shekarunsu na farko ana kiransu Cardiac Arrest. Michael Pugh ne mawaƙinsu na farko, Tim yana kaɗa jita, Jim yana riƙe da jitar bas. A 1979 suka fitar da ƙaramin faifansu na farko, A Bus for a Bus on the Bus. Da Pugh ya tafi, sai Tim ya karɓi waƙar da kansa, da wata siririyar murya mai karin harshen talakawan kewayen Landan, wadda bai taɓa ƙoƙarin gyarawa don ta yi kama da ta Amurkawa ba. Kuɗin shiga babban situdiyo babu, don haka a kaset suka riƙa naɗar aikinsu suna sayarwa a wuraren wasa da ta gidan waya: The Obvious Identity a 1980, Toy World a 1981, shekarar da suka taƙaita sunan zuwa Cardiacs, sai The Seaside a 1984.

Yadda kiɗan yake

Wanda ya ji Cardiacs karon farko yakan ɗauka shirme ne. Waƙa takan tashi a guje, bugun ganga ya sauya ba sallama, kari ya karkata zuwa inda kunne bai zata ba, a tsaya cak, a sake zabura. Kamar mutum ne ya shiga motar haya da direbanta ya san wasu lungunan da ba wanda ya sani: kana ganin an ɓace, sai ga ka a tasha. A ciki ana jin amon molon iska na wuraren wasan yara, ana jin badujala, ana jin waƙoƙin coci na Ingila da yara ke rerawa a makaranta da safe, ana jin na matuƙan jirgin ruwa.

Sai dai babu wani abu a ciki da ya faɗo bisa kuskure. Tim Smith yakan zauna ya tsara wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa dalla-dalla, ƙungiyar ta yi ta maimaitawa har ya zauna. Abin da ake ji kamar hargitsi aiki ne da aka auna. Nan ne masu sukarsu suka yi gajen haƙuri, domin a ƙarƙashin hayaniyar akwai karin waƙa mai daɗi da ke maƙalewa a kai. Shi kansa Tim bai yarda da laƙabin da mutane suka ƙirƙiro wa salon nasa ba, ya fi son a ce waƙoƙin pop yake rubutawa kawai. Baitocinsa kuwa cike suke da teku, karnuka, tsutsotsi, furanni, gidaje da tsoron yara, kuma ba kasafai yake bayyana ma'anarsu ba.

Shekarun mutum shida

A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar ta daidaita a kan mutum shida, waɗanda masoyanta ke ɗauka su ne Cardiacs na asali: Tim da Jim, Sarah Smith matar Tim mai busa saksafon, William D. Drake a kan piyano da makamantansa, Tim Quy mai ƙananan kayan bugu, da Dominic Luckman mai ganga. Sukan hau dandamali sanye da tsofaffin kayan 'yan badujala, fuska dame-dame da farar hoda da jan-baki kamar yaran da suka shiga ɗakin uwarsu. Tim yakan yi ta surutai kamar ƙaramin yaro mai rigima, yana tsangwamar Jim a gaban jama'a, shi kuwa Jim ya tsaya shiru fuska a murtuke. Wasa ne, amma baƙo ba ya ganewa nan take.

Sun kuma ƙirƙiro wa kansu ubangida. Kamfanin faifansu, Alphabet Business Concern, nasu ne na kansu, amma sai suka riƙa nuna shi a matsayin wata azzalumar ma'aikata da ke juya su yadda ta ga dama, tana fitar da sanarwa cikin harshen isa da raina ma'aikata. Har wakilanta biyu na wasa, wani da ake kira Consultant da wata Miss Swift, sukan hau dandamali a ƙarshen wasa. Ba'a ce ga masana'antar kiɗa, kuma sun riƙe ta shekara da shekaru ba su saki fuska ba.

A ƙarshen 1984 Fish, mawaƙin ƙungiyar Marillion, wanda ke ƙaunar kiɗansu, ya gayyace su su riƙa buɗe wa ƙungiyarsa wasa a rangadin da take yi. Masoyan Marillion suka karɓe su da ihu da jifa dare bayan dare, har ta kai Fish da kansa ya fito ya tsawata wa jama'a, kuma Cardiacs ba su kai ƙarshen rangadin ba. Duk da haka a kowane zaure akan sami 'yan tsiraru da suka koma gida suna tambayar su wane ne waɗannan. Haka ƙungiyar ta riƙa tara mabiyanta, ɗaya-ɗaya daga cikin taron da ya ƙi ta.

A 1986 sun yi wasa a bikin kiɗa na Reading, a 1987 suka fitar da faifan Big Ship. Kundinsu na farko da ya shiga shaguna sosai, A Little Man and a House and the Whole World Window, ya fito a 1988, kuma a cikinsa ne waƙar "Is This the Life?" take, wadda ta kai lamba ta 80 ɗin nan bayan gidan rediyon BBC ya ɗan saka ta. Ita ce mafi sauƙin shiga kunne a waƙoƙinsu, kuma da wata ƙungiya ce da ta sake yin irinta har sau goma. Su kuwa a 1989 sai suka fitar da On Land and in the Sea, wanda ya fi na baya tsauri.

Jaridun kiɗa na mako-mako na Landan, musamman NME, su ne ke ɗaga mawaƙi ko su kayar da shi a wancan zamani, kuma sun tsani Cardiacs tsana ta gaske. Laifinsu a idon masu sharhi shi ne ba su da "aji": ba sa yayi, suna wasan yara, kuma suna warin salon da pank ya binne. Ƙiyayyar ta rufe musu ƙofofi da yawa, amma ta ƙara ɗaure mabiyansu da su.

Raguwa da Sing to God

Daga 1989 mutum shidan suka fara watsewa. Sarah ta daina fita wasa da su, Quy da Drake suka bi baya. Wasan da aka ɗauka a bidiyo a Salisbury a watan Yunin 1990, wanda aka fitar da sunan All That Glitters Is a Mare's Nest, shi ne babbar shaidar da ta rage ta yadda suke a wancan zamani. Ƙungiyar ta koma mutum huɗu, Jon Poole ya shigo da jita ta biyu, kiɗan ya ƙara nauyi. Heaven Born and Ever Bright ya fito a 1992, sai durƙushewar kamfanin Rough Trade da ke rarraba musu faifai ta jefa su cikin bashi, kundin ya yi wuyar samu har aka sake buga shi a 1995.

A watan Yunin 1995 Blur, wadda tana kan ganiyarta a lokacin, ta sa su cikin masu buɗe mata babban wasanta a filin Mile End na Landan, domin mawaƙinta Damon Albarn masoyinsu ne. Taron bai karɓe su ba, kamar yadda aka saba.

Shekara guda bayan haka suka fitar da aikin da yawancin masu sauraro yau ke ɗauka shi ne ƙololuwarsu: Sing to God, faifai biyu, waƙoƙi 22, tare da Bob Leith a kan ganga. An samo sunan ne daga wani littafin waƙoƙin coci na yara. A ciki akwai "Dirty Boy", waƙa mai kusan minti tara, wadda ke ta hawa daga mataki zuwa mataki kamar ba za ta sauka ba, ta ƙare da murya ɗaya da aka ja fiye da minti biyu. Mujallar Vox ta ba kundin maki sifili cikin goma. Mujallar ta daina fita tun kafin ƙarshen shekarun 1990, kundin kuwa ana ta sake buga shi. Guns ya biyo baya a 1999, kuma shi ne cikakken kundi na ƙarshe da ya fito Tim yana da lafiya.

A shekarun 2000 sun rage fita, amma wasansu na shekara-shekara a zauren Astoria na Landan ya zama kamar taron dangi, mutane na tahowa daga wasu ƙasashe. Kavus Torabi, wanda ya daɗe yana bin su a matsayin masoyi, ya zama makaɗin jitarsu a 2003, shekarar da suka yi dare uku a zauren Garage suna kaɗa tsofaffin waƙoƙin zamanin kaset. A 2007 suka fitar da waƙar "Ditzy Scene", somin-taɓin sabon kundi da suka sa wa suna LSD.

Rashin lafiyar Tim Smith

Ranar 25 ga Yunin 2008, bayan ya fito daga kallon wasan ƙungiyar My Bloody Valentine a Landan, zuciyar Tim ta tsaya. An ceto ransa, amma rashin iskar da ƙwaƙwalwarsa ta yi ya bar shi da wata cuta mai ɗaure jijiyoyi da murɗe gaɓoɓi, wadda likitoci ke kira distoniya. Hankalinsa garau, amma magana da motsi suka gagara. Ya yi shekara 12 a haka.

A nan aka ga irin mabiyan da ya tara. A 2010 makaɗa da dama suka haɗu suka sake rera waƙoƙinsa a kundin Leader of the Starry Skies don tara masa kuɗin jinya. A Janairun 2018 aka buɗe asusun neman taimako a intanet ana neman fam 40,000, aka same su cikin kusan kwana guda, daga baya kuɗin ya haura fam 100,000. Duk da halin da yake ciki, ya sa ido aka kammala On the Dry Land, kundin Sea Nymphs, ƙaramar ƙungiyar da ya yi da Sarah da Drake, ya fito a 2016. A Oktoban 2018 makarantar kiɗa ta Royal Conservatoire of Scotland da ke Glasgow ta ba shi digirin girmamawa na dakta, Jim ya karɓa a madadinsa. Ya rasu a watan Yulin 2020 yana da shekara 59, kuma jaridun da suka yi shekaru suna kau da kai suka cika shafuka da yabonsa.

Tasiri da sababbin masu sauraro

Makaɗan da suka ambaci Cardiacs a matsayin abin koyi ba salonsu ɗaya ba. Akwai Mike Patton na Faith No More da Mr. Bungle, akwai Steven Wilson wanda ya sake rera "Stoneage Dinosaurs", akwai Napalm Death masu kiɗa mai tsananin ƙarfi da suka sake kaɗa "To Go Off and Things", ga kuma Wildhearts da suka yi waƙa sukutum mai suna "Tim Smith". Ba a cika samun wanda ya kwaikwayi sautinsu kai tsaye ba, domin yana da wuyar kwaikwayo. Abin da aka fi ɗauka daga gare su shi ne ƙarfin halin bin kunnen kai ko da kasuwa ta ƙi.

Intanet ta yi musu abin da rediyo bai yi ba. Tsofaffin bidiyonsu, musamman na "Tarred and Feathered" da hodarsa da zare-zaren idonsa, sun riƙa yawo a YouTube, matasan da ba a haifa ba lokacin Big Ship suna cin karo da su. Hanyar dai ba ta canza ba: wani ne zai ce wa wani ya saurara, na biyun ya ce wannan wace irin hauka ce, bayan mako guda a same shi yana neman sauran. A 2025 Jim Smith da Kavus Torabi da abokansu suka kammala LSD daga abin da Tim ya bari, Mike Vennart na tsohuwar ƙungiyar Oceansize ya rera da yawa daga waƙoƙin, kundin ya fito shekara 18 bayan "Ditzy Scene".

Mai son gwadawa kada ya fara da kaset-kaset na farko, naɗinsu bai da kyau kuma za su kore shi. Ya fara da "Is This the Life?", ya bi da "Dirty Boy", sannan ya ba Sing to God saurare uku kafin ya yanke hukunci.