Na'urar Rubuta Faifan CD: Yadda Ake Gane Ingancinta Kafin A Saya A Katsina

Faifan CD ya daɗe da fita daga aljihun matasa a birnin Katsina. Waƙa, wa'azi da fim duk sun koma cikin waya, galibin ƙananan kwamfutocin da ake ƙerawa yanzu ma ba su da gurbin saka faifai. Sai dai akwai wurin da faifan bai rasa muhimmancinsa ba, wato gaban kotu. Lauyoyi na ci gaba da miƙa bidiyo da muryoyin da aka naɗa a kan faifan CD ko DVD a matsayin shaida, musamman a ƙararrakin zaɓe. Tsarin Mulki ya ba mai ƙorafi kwana 21 kacal daga ranar da aka bayyana sakamako domin ya shigar da ƙara, kotun sauraron ƙararrakin kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Wakilin jam'iyya ko mai sa ido da ya ɗauki bidiyo a rumfar zaɓe a Ƙofar Sauri ko Ƙofar Marusa zai iya rasa amfanin wahalarsa idan faifan ya ƙi buɗewa ranar da aka buƙace shi.

Saboda haka na'urar da ke rubuta bayanai a kan faifai, wadda ake kira raita a shagunan kwamfuta, ta cancanci a tantance ta kafin a biya kuɗinta. Yawancin masu saye sunan kamfanin da ke jikin kwali suke dubawa. Wannan suna shi ne mafi raunin abin dogaro, domin sau da yawa wani kamfani dabam ne ya ƙera injin da ke ciki. Abin da ke bayyana inganci shi ne sanin wanda ya ƙera injin, da shekarar da aka ƙera shi, da kuma sakamakon gwajin da aka yi a gaban mai shago.

Abin da doka ke nema

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ne ya tsara yadda kotu ke karɓar duk bayanin da ya fito daga kwamfuta. Daga cikin sharuɗɗansa akwai nuna cewa kwamfutar tana aiki yadda ya kamata a lokacin da aka samar da bayanin, tare da takardar shaida da ke fayyace yadda aka samar da shi da kuma na'urorin da aka yi amfani da su. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu bayanai da aka sauke daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. A 2016 kuma, a shari'ar Dickson da Sylva, taƙaddamar da ta kai har Kotun Ƙoli a kan faifan DVD ce, inda kotun ta yanke cewa da zarar an karɓi faifan da takardar shaidarsa, ba a buƙatar wata takardar dabam kafin a kunna shi a zauren kotu.

Darasin da ke ciki shi ne, wanda ya rubuta faifai domin shaida zai iya fuskantar tambaya kan na'urar da ya yi aiki da ita. Wanda ya san samfurinta da lambarta, yana riƙe da rasitinta, ya fi samun natsuwa a akwatin shaida.

Yadda na'urar ke aiki

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fitar da ƙa'idar faifan da ake iya rubutawa a kai a 1988. Faifan CD-R yana da siririn rini a ƙarƙashin ledarsa. Hasken leza yana ƙona ƙananan ɗige-ɗige a jikin rinin, waɗanda na'urar karantawa ke fassarawa zuwa sauti ko hoto. Abin da aka ƙona ba ya gogewa, wannan ne ya sa CD-R ya fi dacewa da ajiyar shaida a kan CD-RW da ake iya sharewa a sake rubutawa. Faifan CD na ɗaukar megabait 700, ko minti 80 na sauti, shi kuwa DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka.

Abubuwa biyu ne ya kamata mai saye ya riƙe a nan. Na farko, rubutu yana buƙatar ƙarfin leza fiye da karatu, don haka na'urar da ta tsufa takan daina rubutu mai kyau tun tana karanta faifai lafiya lau. Na biyu, na'urar da ke aiki da CD da DVD tana da hasken leza iri biyu, mai tsawon nanomita 780 domin CD da mai 650 domin DVD. Ɗaya zai iya mutuwa ɗayan na aiki. Mai shagon da ya saka faifan fim ya nuna yana tafiya bai tabbatar da komai game da rubutu ba.

Su wa ke ƙera injin

Sunayen da ake gani a kasuwa suna da yawa, amma masana'antun da suka riƙa ƙera injinan 'yan ƙalilan ne, galibinsu haɗin gwiwa tsakanin manyan kamfanonin Japan, Koriya ta Kudu da Taiwan. Akwai Hitachi-LG Data Storage, da Toshiba Samsung Storage Technology da aka kafa a 2004, da Sony NEC Optiarc na 2006, da Philips & Lite-On Digital Solutions, da Panasonic, da Pioneer. Wasu kamfanonin kuwa sukan sayi injin daga waɗannan su lulluɓe shi da nasu suna.

Ƙarancin masana'antun ya taɓa jawo hankalin hukumomi. A watan Oktoban 2015 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar wasu daga cikinsu jimillar yuro miliyan 116, bisa haɗa baki wajen neman kwangilar sayar wa kamfanonin Dell da HP na'urorin faifai tsakanin 2004 da 2008.

Da kasuwar faifai ta ja baya, sai masana'antun suka fara rufewa. Optiarc ta daina aiki a 2013, ta Toshiba da Samsung ta tsaya a 2016, Pioneer kuma ta fice daga harkar a 2025. Ma'anar wannan ga mai saye a Katsina a fili take. Idan aka nuna masa na'ura a sabon kwali aka ce sabuwa ce, alhali injin da ke ciki waccan masana'anta ta Optiarc da ta rufe a 2013 ce ta ƙera shi, to injin ya haura shekara goma da ƙerawa. Ko dai tsohon kaya ne da ya daɗe a ajiye, ko kuma an ciro shi daga tsohuwar kwamfuta an saka shi cikin sabon gida mai igiyar USB. Irin wannan haɗi ya yawaita a cikin na'urori masu araha marasa sanannen suna.

Gano gaskiyar ba ta da wuya. Da zarar an jona na'urar da kwamfuta mai Windows, sashen Device Manager zai nuna sunan da injin ke kiran kansa da shi. HL-DT-ST na nufin Hitachi-LG, TSSTcorp na Toshiba da Samsung ne, MATSHITA na Panasonic, PLDS kuma na Philips da Lite-On. Lambar samfurin tana biye da sunan, kuma da ita ake bincika shekarar da ya fito. Na'urar da ake ɗaurawa cikin babbar kwamfuta tana da takarda manne a samanta mai ɗauke da wata da shekarar ƙira. Idan an kankare takardar ko an liƙa wata a kai, wannan kaɗai ya isa dalilin fasa ciniki.

Na hannu ba laifi ba ne idan an faɗa, farashin kuma ya nuna hakan. Da yawa daga kayan kwamfutar da ke shigowa Katsina ta hannun dillalan Kano da kasuwannin Alaba da Ikeja a Legas an riga an yi amfani da su a ƙasashen waje. Matsalar tana tasowa ne idan aka sayar da tsoho da sunan sabo.

Gwajin da ake yi kafin biyan kuɗi

Mai saye ya tafi shago da kwamfutarsa, da faifan CD-R guda uku da ba a rubuta komai a kansu ba, da DVD-R ɗaya, da kuma faifai ɗaya da ya san yana aiki. Matakan su ne:

1. A buɗe farantin a rufe sau da yawa. Idan yana maƙalewa ko yana ƙugi, robar da ke jan sa ta saki.

2. A saka faifan CD, sannan na DVD, a ga ko tana gane kowanne cikin 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ta yi ta juyi tana tsayawa ba.

3. A rubuta faifai har ya kusa cika. Rubutu yana farawa daga tsakiya ya nufi baki, kuma a bakin faifan ne kurakurai suka fi bayyana. Gwaji da waƙa ɗaya ko hoto ɗaya ba ya kaiwa wurin.

4. A sa manhaja ta tantance abin da aka rubuta. Manhajar ImgBurn, wadda kyauta ce, tana sake karanta faifan ta kwatanta shi da ainihin fayil ɗin, ta faɗi idan akwai bambanci.

5. A maimaita rubutun sau biyu ko uku a jere. Leza mai rauni takan yi na farko lafiya, sai ta ɗumama ta fara ɓata na gaba.

6. A kunna faifan a wata na'ura dabam. Kowace na'ura ta fi iya karanta abin da ita ta rubuta, alhali kotu da tata na'urar za ta kunna shi.

Ga mai son zurfafawa, manhajoji irin su Nero DiscSpeed suna ƙirga ƙananan kurakuran da ake kira C1 da manyan da ake kira C2, idan na'urar tana iya bayar da wannan rahoto. Ƙa'idar CD ta yarda da matsakaicin kurakurai har 220 a daƙiƙa, amma faifan da aka rubuta da kyau yana ƙasa da haka sosai, kuma bai kamata a ga C2 a sabon faifai ba.

Lambar sauri da ke jikin kwali, kamar 48x ko 52x, ba ma'aunin inganci ba ce. Saurin 1x na CD daidai yake da kilobait 150 a daƙiƙa, lambar kuma tana nuna iyakar gudun da na'urar ke kaiwa a bakin faifai ne kawai. Domin ajiya mai muhimmanci, matsakaicin sauri kamar 16x ya fi ba da rubutu mai tsafta.

Faifan kansa da yanayin gari

Na'ura mai kyau ba ta gyara faifai maras kyau. Kamar yadda yake ga injina, sunan da ke kan faifai bai cika nuna masana'antar da ta yi shi ba, sai dai kowane faifai yana ɗauke da lambar masana'anta da ImgBurn ke nunawa. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda faya-fayensa suka yi suna wajen inganci, ya daina yin su a ƙarshen 2015, kamfanin CMC Magnetics na Taiwan kuma ya sayi Verbatim a 2019.

Yanayin Katsina ma yana da nasa tasiri. Ƙurar hunturu tana zama a kan gilashin leza ta rage masa ƙarfi, shi ya sa na'urar da ta daɗe a buɗe a kan kanta ta fi wadda ke cikin leda haɗari. Zafin bazara, da kan kai digiri 40 a watan Afrilu, da hasken rana kai tsaye suna lalata rinin faifai, musamman idan an bar shi a cikin mota. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana kashe faifan CD-R, don haka kwamfuta mai batir ta fi aminci. Siraran na'urorin USB kuwa wani lokaci suna buƙatar wutar da ta fi abin da rami ɗaya ke bayarwa, dalilin da ya sa wasu ke zuwa da igiya mai kai biyu. Irin wannan na'ura idan ta tsaya a tsakiyar aiki, a fara duba igiyar kafin a ɗora laifi a kan injin.

Rasiti da haƙƙin mai saye

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci da suka dace da abin da aka saye su dominsa, ta kuma haramta yaudara wajen bayyana kaya. Sai dai haƙƙin da ba a rubuta shaidarsa ba yana da wuyar nema. A tabbatar rasitin ya ƙunshi sunan shago, ranar ciniki, lambar samfuri, lambar siriyal, da bayanin ko sabuwa ce ko ta hannu, tare da adadin kwanakin da aka yarda a dawo da ita. Mai shagon da ya ƙi a yi gwaji, ya kuma ƙi rubuta lambar siriyal, bai bar wa mai saye wata madogara ba.

Kwafi ɗaya ba ya isa

Faifai kwafi ne, don haka kada a goge ainihin bidiyon daga wayar da ta ɗauke shi. A tura shi zuwa kwamfuta ta igiya, domin aikawa ta WhatsApp yana matse bidiyo ya kuma cire wasu bayanan da ke tare da shi. A rufe faifan bayan rubutu yadda ba za a iya ƙara komai a kai ba, a yi aƙalla guda biyu, a ajiye su a wurare dabam-dabam, a rubuta kwanan wata a jikinsu da alƙalami mai taushin baki.

Dogaro da intanet kaɗai ma yana da nasa haɗari. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Wanda shaidarsa ke kan intanet kaɗai a irin wannan lokaci ba shi da hanyar isa gare ta. Faifan da aka rubuta da na'urar da aka gwada, aka kuma tantance shi a wata na'urar, yana nan a hannun mai shi ko da babu sabis.