Mymarommatidae

Mymarommatidae (suna, jam'i, ilimin ƙwari). Wani dangi ne na 'yan mitsi-mitsin zanzaro masu rayuwa a jikin ƙwan wasu ƙwari. Tsawon babba daga cikinsu bai kai milimita 1 ba, don haka da wuya ido ya kama shi sai da madubin ƙara girma. Masanin ƙwari Debauche ne ya raɗa wa dangin suna a 1948.

Ana gane su da siffofi na daban. Fukafukan gaba suna da zanen raga da gashi a gefe, na baya kuwa sun ƙanƙance sun zama siririn tsinke mai ƙugiya. Ƙugun da ya haɗa ƙirji da ciki gaɓa biyu ne. Abin da ya fi ban mamaki shi ne ƙeyarsu: tana da fata mai ninki da ke buɗewa tana rufewa kamar zugazugin maƙeri, kuma muƙamuƙansu waje suke fuskanta.

Tsohon dangi ne ƙwarai, domin an samu gawarwakinsu a daskararren danƙon itatuwa tun zamanin Kiritashiyos. Shekaru da dama ba a san ƙwaron da suke cin ƙwansa ba, sai a 2022 aka tabbatar a tsibiran Hawai cewa wani nau'insu, *Mymaromma menehune*, yana girma ne a cikin ƙwan wasu ƙananan ƙwari masu zama a ɓawon itace. Ba sa harbin mutum, ba sa ɓata amfanin gona.