Gafiya a Ƙasar Zazzau: Ire-irenta, Kamanninta da Yadda Take Haƙa Rami

Gabatarwa

Daga cikin ƙananan dabbobin da ke zaune tare da mu a Jihar Kaduna, kaɗan ne suka kai gafiya kusanci da gidajenmu da gonakinmu, kuma kaɗan ne muka jahilta kamar yadda muka jahilce ta. Dalili kuwa shi ne, ba ta fitowa sai da dare, kuma mafi yawan rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa take yin ta. Mazauna Muciya da Samaru da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari sun fi sanin ta da ɓarnarta: tulin ƙasa a gindin katanga, ko buhun masara da aka huda, ko kunyar dankali da aka tone. Manufarmu a wannan shafi ita ce mu bayyana wa jama'a ko wace ce gafiya, da inda ake samun ta, da yadda take tsara raminta, domin wanda ya fahimci ramin ya fahimci dabbar, kuma zai iya kare dukiyarsa ba tare da ya cinna wa daji wuta ko ya barbaɗa guba a cikin gida ba.

Sunanta da danginta

Hausawa na kiran ta gafiya, ƙaton namijin kuma burgu. Maƙwabtanmu Yarabawa da ke Sabon Gari na ce mata okete, Ibo kuma ewi. A wajen masana kimiyya sunanta Cricetomys gambianus, sunan da wani masani ɗan Ingila mai suna Waterhouse ya raɗa mata a shekarar 1840, yana danganta ta da ƙasar Gambiya. Ko da yake ta yi kama da ƙaton ɓera, masana ba su sa ta a gida ɗaya da ɓeran ɗaki ba. Tana cikin wani dangi ne na daban da ake kira Nesomyidae, wanda ba a samun sa sai a nahiyar Afirka da tsibirin Madagaska.

An fi sanin nau'i huɗu na gafiya. Na farko shi ne namu, wanda ya bazu a ƙasashen ciyawa tun daga Senegal da Gambiya, ya ratso Mali da Nijar da Nijeriya, har ya dangana da Sudan. Na biyu shi ne Cricetomys emini, mazaunin kurmi, wanda gashinsa ya fi santsi, cikinsa kuma fari fat. Na uku shi ne Cricetomys ansorgei na gabashi da kudancin Afirka. Na huɗu kuwa shi ne Cricetomys kivuensis na yankin Tafkin Kibu da ke tsakanin Kwango da Ruwanda. An daɗe ana ɗaukar na uku da na farko a matsayin abu guda, sai da bincike kan ƙwayoyin gado, wanda ya haɗa da aikin da Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2012, ya ƙarfafa raba su.

Kamanninta

Gafiya babba takan kai nauyin kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi. Tsawonta daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya yakan kusanci santimita 90, kuma kimanin rabin wannan tsawo wutsiya ce. Gashin bayanta toka-toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, cikinta ya fi haske. Tana da dogon kai, da manyan kunnuwa marasa gashi, da ƙananan idanu waɗanda baƙin gashi ya kewaye. Babbar alamar da ake rarrabe ta da ita tana wutsiya: rabin da ke jikinta baƙi ne, rabin ƙarshe kuma fari, kamar an tsoma shi a farar ƙasa.

Ganinta ba shi da ƙarfi, amma Allah ya hore mata ji da sansana masu kaifi. Haƙoranta na gaba ba su daina tsiro muddin tana raye, don haka dole ta riƙa gwaguyar abu mai tauri domin su dinga zaizayewa. Wannan ne ya sa take iya fasa ƙwallon mangwaro da ƙyauren katako.

Abin da ya fi komai bambanta ta da sauran ɓeraye shi ne aljihu biyu da ke cikin kumatunta, ɗaya dama ɗaya hagu. A cikinsu take cusa hatsi da gyaɗa da 'ya'yan itace har fuskarta ta kumbura, sa'an nan ta nufi gida ta juye, ta sake komawa. Magabatanmu sun lura da wannan hali tun da daɗewa, shi ya sa suke cewa, gafiya tsira da na bakinki, wato in hatsari ya taso mutum ya haƙura da abin da ya riga ya samu.

Ramin gafiya

Gafiya ba ta haƙa rami a ko'ina. Takan zaɓi wuri mai inuwa da sanyi, domin ba ta jure zafin rana. A daji ta fi son tsohon suri da gara ta bari, da gindin manyan itatuwa inda saiwoyi ke riƙe ƙasa, da gefen kwazazzabo da gaɓar rafi. A wannan yanki namu, inda damina ke kamawa daga watan Mayu zuwa Oktoba, fadamun Kubanni da na Galma da lambunan da ke kewaye da su wuraren zamanta ne. A cikin gari kuwa, irin Muciya da Cikaji da kewayen kasuwar Sabon Gari, takan koma ƙarƙashin kwalbati, da lambatu, da juji, da kango, da tushen tsohuwar katanga. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya wajen shekarar 1911 Sabon Gari ya zama matattarar hatsi da gyaɗa, kuma duk inda aka tara abinci aka bar shara kusa da shi, gafiya ta sami gari.

Da ƙafafun gaba take tona ƙasa, ta tura ta baya da na baya, in ta tarar da saiwa ta datse da haƙori. Ramin ba miƙaƙƙe ba ne. Yana da doguwar hanya mai rassa, da ɗakuna da aka ware wa kowane aikinsa: akwai na kwana, wanda take shimfiɗe da busassun ganyaye, akwai na ajiyar abinci, akwai kuma inda take bayan gida. Sau da yawa ƙofar ramin ta fi ɗaya, kuma takan toshe hanya daga ciki da ƙasa ko ganye in za ta kwanta, don kare kanta daga maciji da sauran maƙiya. Wannan ne dalilin da ya sa maharbi zai yini yana tono ta ƙofa guda, alhali dabbar ta daɗe da ficewa ta wata.

Ɗakin ajiyar shi ne zuciyar ramin. Gafiya ba ta tsayawa ta ci a inda ta sami abinci, sai dai ta kwasa ta kai gida, kuma takan tara fiye da abin da za ta iya ci. Saboda haka asarar da take jawo wa manomi ta fi girman cikinta nesa ba kusa ba. Har abin da ba a ci takan ɗauka, kamar tsakuwa da ƙashi da ƙananan ƙarafa. A cikin ramin take haihuwa bayan ciki na kimanin wata guda, ta haifi 'ya'ya daga 1 zuwa 5, tsirara kuma idanunsu a rufe, tana kuma iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. Wadda ake kiwo takan rayu har shekara 7 ko 8.

Masu kama da ita

Ya kamata mu rarrabe gafiya da wasu dabbobin da ake rikita su da ita. Gyazbi ya fi ta girma da kauri, yakan wuce kilo 4, wutsiyarsa gajera ce, kuma a cikin ciyawa da gonar rake yake ɓuya. Kurege na haƙa rami, amma da rana yake yawo, yana da wutsiya mai gashi buzu-buzu da farin zane a haƙarƙari. Jaɓa kuwa ba ɓera ba ce sam, ƙwari take ci.

A Amurka ta Arewa da ta Tsakiya akwai wata dabba da ake kira gofa mai aljihu, wadda ke da nau'i kimanin 40. Ita ma tana ɗaukar abinci a kumatu, tana kuma tara shi a rami, sai dai ba dangin gafiya ba ce. Aljihunta daga wajen baki yake buɗewa, kuma gashi ne shimfiɗe a cikinsa, alhali na gafiya daga cikin baki yake. Haka kuma gofa kusan ba ta fitowa sarari, daga ƙarƙashin ƙasa take cin saiwoyi. A Nijeriya wanda ya fi kusa da irin wannan rayuwa shi ne wani ɗan ɓeran ƙarƙashin ƙasa mai suna Fukomys foxi, wanda aka fara bayyanawa a shekarar 1911 daga Panyam da ke tsaunukan Jos.

Amfaninta

Ba ɓarna kaɗai gafiya ke yi ba. Ƙwayar itacen da ta binne ta manta da ita takan tsira, raminta kuma yana buɗa ƙasa ruwa ya shiga. Ita kanta abinci ce ga mesa da mujiya da tunku. Al'ummu da yawa a Afirka ta Yamma na cin namanta, ko da yake akwai masu ƙyamarsa, kuma tun a shekarun 1970 Farfesa S. S. Ajayi na Jami'ar Ibadan ya yi nazarin yadda za a yi kiwonta. A nan gida, malaman Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru sun yi rubuce-rubuce da dama a kan ƙirar jikinta.

Hancinta kuwa ya kai ta inda ba a zata ba. Ƙungiyar APOPO, wadda aka kafa a Beljiyam a shekarar 1997, tana horar da gafiyar gabashin Afirka a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya, domin gano nakiyoyin da aka binne a lokacin yaƙi. Rashin nauyinta ya sa ba ta tayar da nakiya in ta taka. Wani burgu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinare a shekarar 2020, ya mutu a watan Janairun 2022. Ana kuma amfani da su wajen sansano tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya.

Hatsarin da ke tattare da ita

Ramin da aka haƙa a gindin katangar ƙasa yakan zama hanyar ruwa da damina, ya jiƙa tushe har ginin ya rushe. Ramin da ta ƙaurace wa kuma yakan zama maɓoyar maciji, saboda haka muna gargaɗin iyaye da su hana yara zura hannu a cikinsa.

Ta fuskar lafiya, a shekarar 2003 cutar ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ta kama mutum 47, aka kuma gano ta shiga ne ta wasu dabbobi da aka kai daga Gana, har da gafiyoyi a cikinsu. Cutar ta sake bayyana a Nijeriya a shekarar 2017. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a shekarar 1969, babban mai yaɗa shi ƙaramin ɓera ne mai yawan nonuwa, ba gafiya ba. Amma shara da buɗaɗɗen abincin da ke jawo wannan su ne ke jawo wancan.

Mafi munin asara ba daga dabbar take zuwa ba, daga yadda ake farautarta ne. Da hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe iska kuma ke kaɗawa, matasa kan hura hayaƙi a rami ko su sa wa daji wuta. Wutar da aka kunna saboda naman kilo guda takan cinye karan dawa da harawar da makiyayi ke jira, da amfanin da ba a kwashe ba, wani lokaci har da rumbuna. Guba kuma ba ta zaɓe: kaji da awaki da kyanwa, har da ƙananan yara, duk suna iya faɗa mata.

Shawarwari ga jama'a

Tun da abinci ke kawo gafiya, hana ta abinci shi ne maganin farko. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Muna ba da shawarar a adana hatsi a durom ko tukunya mai murfi, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a ɗaga rumbu daga ƙasa a share ciyawar da ke kewaye da shi. A kwashe amfanin gona da zarar ya nuna. A yashe lambatu, a daina zuba sauran abinci a ciki. In an ga sabuwar ƙasa a bakin rami, a nemi sauran ƙofofinsa, a ɗana tarko da yamma a kan hanyarta, bayan an kama ta a cike ramin da tsakuwa da siminti. Kada a taɓa mushenta da hannu tsirara, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Wanda gafiya ta ciza, ko ya kamu da zazzaɓi ko ƙuraje bayan ya taɓa ta, ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa. Manoman da ɓarnar ta yi wa yawa su tuntuɓi malamin gona na yankinsu kafin su sayi kowace irin guba.

Muna fata masu unguwanni da limamai da malaman makaranta za su taimaka wajen isar da wannan bayani, musamman ga matasa kafin shigowar hunturu. Allah ya tsare mana amfaninmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.