Sankarar Hanta a Yammacin Zamfara: Nazari Kan Magani da Lokaci

Sankarar hanta ba ta faɗo wa mutum rana ɗaya. Galibi tushenta ƙwayar cutar hanta nau'in B ce, wadda ake ɗauka tun a haihuwa ko ƙuruciya, ta yi shekaru tana cin hanta ba tare da ko ciwon kai ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Gubar afalatoksin, wadda ke fitowa a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kafin a zuba a rumbu, tana ƙara rura wutar.

A ƙasashe masu hali, maganin sorafenib ya ɗaga matsakaicin lokacin da mai sankarar da ta yi nisa ke rayuwa daga wata 7.9 zuwa 10.7. Haɗin atezolizumab da bevacizumab, wanda aka amince da shi a 2020, ya kai shi wajen wata 19. Amma nazarin da aka wallafa a 2017 kan asibitocin Afirka, har da na Nijeriya, ya samu wata 2.5 kacal in aka ware Masar, kuma rabin majinyatan ba su haura shekara 46 ba. Magidanta ke nan, masu noma da ciyar da iyali.

Rai na Allah ne, amma dalilin wannan tazara a fili yake. Mutumin Anka ko Bukkuyum yakan fara da jiƙon shawara. In ciki ya kumbura a ce sammu ne. Kafin a haɗa kuɗin mota, a ratsa hanyar da 'yan bindiga suka addaba zuwa Gusau, ko daga Gummi zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, hanta ta riga ta lalace, tiyata ba ta yiwuwa, sai rage raɗaɗi.

A ganina, neman waɗannan magunguna masu tsada ba shi ne na farko ba. Allurar rigakafin cutar hanta nau'in B ta shiga jadawalin ƙasa tun 2004, sai dai ta farkon ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, alhali yawancin matan karkara a gida suke haihuwa. Nan ungozoma take da muhimmanci, haka ma wanzamin da ke aski da kaciya da aska ɗaya. Wanda gwaji ya nuna yana da cutar kuwa, maganin tenofovir na danne ta, hoton ciki duk wata shida kuma na iya kama ƙari tun yana ƙarami. Ya kamata gwamnatin Zamfara ta fara da wadata asibitocin ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi da waɗannan.