Sawakin: Ƙofar Alhazai a Bakin Bahar Maliya

Gabatarwa

Alhazanmu na dauri da suka tafi Makka ta ƙasa sukan ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu a ƙasa, wasu bisa jakuna da raƙuma, har su kai gaɓar Bahar Maliya. Ga mafi yawansu zango na ƙarshe a nahiyar Afirka shi ne Sawakin. A wannan maƙala za mu dubi inda garin yake da yadda ya bunƙasa, sa'annan mu ga dalilin da ya mayar da shi kango, domin wani yanki na tarihinmu yana kwance cikin kangayen nan nasa.

Inda garin yake

Sawakin tana gabashin ƙasar Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da birnin Bur Sudan, tsakaninta da Jidda kuwa tafiyar ruwa ce ta fiye da kilomita 300. Tsohon garin yana bisa wani ɗan ƙaramin tsibiri zagayayye, a ƙarshen wani siririn mashigi da teku ya ratso cikin tudu. Saboda haka jirgin da ya shiga ya tsira daga igiyar ruwa da iska, maƙiyi kuma ba ya samun hanyar afka wa garin cikin sauƙi. A kan tudu, daura da tsibirin, akwai unguwar da ake kira Gef, bayanta kuma sai fili mai zafi da duwatsun da ƙabilar Beja ke kiwon raƙuma da awaki.

Da yake wurin ba shi da itatuwan gini, sai mutanen garin suka koma ga teku. Suka riƙa sassaƙo murjani, wato wani farin dutse mai ramuka da ke taruwa a ƙarƙashin ruwa, suna gina benaye masu hawa biyu ko uku da shi, su shafe su da farar ƙasa, su ƙawata su da tagogin katako masu zane waɗanda ake kira rawashin.

Bunƙasar Sawakin

Mashahurin matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ambaci Sawakin tun a ƙarni na 14, amma garin bai yi tashe sosai ba sai a ƙarni na 15, bayan da tashar Aizab da ke arewa ta mutu. Daga nan fatake suka karkato. Ayari kan sauko daga Sinnar da Shandi da ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da fatu, su koma da tufafi da kayan ƙamshi na Indiya da ƙasashen Larabawa. Ba za mu ɓoye cewa bayi ma suna cikin hajar da aka yi ta fitarwa ta wannan tasha ba.

Arzikin garin ya jawo masa idon manyan dauloli. Ya shiga hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1517, jiragen yaƙin Fotugal kuma suka yada zango a mashiginsa a 1541. A 1865 Turkawa suka miƙa shi ga Isma'il, mai mulkin Masar. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869, ciniki ya ƙara haɓaka, har a 1877 Janar Godon ya sa aka yi hanya ta cike wadda ta haɗa tsibirin da tudu.

Lokacin jihadin Mahadi, Sawakin na cikin 'yan wuraren da ba su faɗa hannun Ansar ba, ko da yake Usman Digna, wanda ɗan yankin ne, ya gwabza da sojojin Ingila a Tib da Tamai a 1884, ya kuma daɗe yana tsare hanyoyin garin.

Sawakin da alhazanmu

Baturen nan ɗan yawon bincike, Burkhat, ya iso Sawakin a 1814 cikin wani ayari da ke ɗauke da mahajjata baƙaƙen fata daga yamma, waɗanda ake kira Takarir. Wannan ya nuna mana cewa hanyar ta daɗe. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, jama'a da yawa suka yi hijira gabas tare da ɗansa Mai Wurno, suka kafa gari a bakin Kogin Nilu. Da jirgin ƙasa ya kai Ubayyid, sai tafiyar ta ƙara sauƙi. Duk da haka mahajjaci kan yi shekaru yana ƙwadago a gonakin auduga kafin ya tara kuɗin jirgi, a Sawakin kuma a killace shi domin binciken lafiya kafin ya ƙetare. Da yawa ba su ƙetare ba, wasu sun ƙetare ba su dawo gida ba. Zuriyarsu na cikin Hausawan Sudan na yau.

Faɗuwar garin

Abin da ya tsare Sawakin shi ne kuma ya kashe ta. Siririn mashigin da ya dace da jiragen filafilai ya yi wa manyan jiragen inji ƙunci. A 1905 gwamnatin Turawa ta fara gina sabuwar tasha a Bur Sudan, aka buɗe ta a 1909, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can. Ginin murjani kuwa sai da yaɓe a kai a kai. Da masu gidajen suka tashi, gishirin iska da laima suka cinye shafen, benaye suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwan kallo

Mai ziyara zai ga ƙofar Kicina, wanda ya yi gwamna a garin daga 1886, da masallatan Hanafi da Shafi'i, da tsohon gidan kwastan. Waɗannan ukun na ƙarshe hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara su, shugaban ƙasar kuma, Erdogan, ya ziyarci tsibirin a 2017. A gefen mashigin akwai sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, wadda aka buɗe a 1991 domin jigilar fasinja da tumaki zuwa Jidda.

Kammalawa

Tarihin Sawakin ya nuna mana cewa garin kasuwa da hanya yake rayuwa, in hanya ta kauce gini ba ya tsare shi. Hanyar hajji ta ƙasa ma ta kauce tun da jirgin sama ya zo, waɗanda suka bi ta kuma sun kusa ƙarewa. Aikin da ya rataya a wuyan ɗalibanmu na harshe da tarihi shi ne su je wurin tsofaffin da suka rage, su naɗi labarinsu, su rubuta shi tun bakin da zai faɗa yana nan.