Idin Ƙetarewa ko Ista: Abin da Littafi Mai Tsarki da tarihin ikkilisiyar farko suka nuna

Duk shekara idan Ista ta gabato, wata tsohuwar muhawara kan taso a tsakanin Kiristoci: shin wajibi ne su kiyaye Idin Ƙetarewa na Yahudawa, tun da Yesu Almasihu da kansa ya kiyaye shi? Tambayar ta girmi ɗarikun da ake gani a yau, har ta kusa raba kan ikkilisiya a ƙarni na biyu.

Asalin idin

Sura ta 12 ta Littafin Fitowa ce ta kafa shi, domin tunawa da fitar Isra'ilawa daga bautar Fir'auna a Masar. A ranar 14 ga watan farko, wanda daga baya aka sa wa suna Nisan, kowane gida kan yanka ɗan rago, a gasa, a ci da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci. Surar ta kuma gindaya sharaɗi: namijin da ba a yi wa kaciya ba ba zai ci ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu cewa a kiyaye suna kafa hujja da Matiyu da Markus da Luka, waɗanda suka nuna cewa jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa na Idin Ƙetarewa ne. Suna ƙarawa da 1 Korintiyawa 5:7-8, inda Manzo Bulus ya kwatanta Almasihu da ragon idin, ya kuma yi kira da a yi idi.

Ɗaya ɓangaren na cewa Bulus misali ya buga a kan tsarkin hali, domin maganar lalata a cikin ikkilisiya yake yi a wannan sura. Suna kuma kawo Ayyukan Manzanni 15, inda taron Urushalima ya ƙi ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba kaciya, kuma bai sa idi cikin 'yan abubuwan da ya buƙace su ba. Kolosiyawa 2:16 ta hana a hukunta mutum saboda idi, Romawa 14 kuwa ta bar wa kowa zancen ranaku da lamirinsa.

Rigimar ranar 14

Ikkilisiyoyin Asiya Ƙarama, a yammacin Turkiyya ta yau, suna yin nasu idin a ranar 14 ga Nisan ko da wace rana ta faɗo, suna cewa gadon Manzo Yohanna ne. Abin da suke tunawa shi ne mutuwar Almasihu. Rum kuwa ta riƙe Lahadi, ranar tashinsa.

Wajajen shekarar 155, Bishop Polikarp na Simirna ya gana da Bishop Anisetus a Rum. Babu wanda ya shawo kan wani, amma suka rabu lafiya. Wajajen 190 sai Bishop Biktor na Rum ya yunƙura zai yanke zumunci da mutanen Asiya, bayan da Polikratis na Afisa ya ƙi sauya al'adarsu. Ireniyus na Liyon ya sa baki, ya tunatar da shi cewa magabatansa sun zauna lafiya da wannan bambanci. Masanin tarihi Yusibiyus ne ya adana labarin.

Lokacin da sarauta ta shigo

A shekarar 325 Sarki Konstantin ya kira taron Nikiya. Dokoki 20 da taron ya bari ba su taɓo Ista ba. A wasiƙun da aka aika bayansa ne aka sanar cewa kowa zai yi idin rana ɗaya, ba tare da bin lissafin Yahudawa ba. Wasiƙar sarkin cike take da kalaman ƙiyayya ga Yahudawa. Daga baya aka riƙa lissafa masu riƙe da ranar 14 cikin 'yan bidi'a.

Duk da haka sunan bai ɓace ba. Helenawa na kiran Ista da Paska, Habashawa Fasika, duka daga kalmar Ibrananci Pesak. Haɗin kan kuma bai ɗore ba: yawancin ikkilisiyoyin Otodoks ba su karɓi lissafin Ista na kalandar da Rum ta gyara a 1582 ba, shi ya sa idinsu kan saɓa da na Yamma, ko da yake sun haɗu a ranar 20 ga Afrilun 2025.

Inda maganar ta tsaya

Sabon Alkawari bai wajabta wa Kiristan da ba Bayahude ba Idin Ƙetarewa irin na Fitowa ba, bai kuma haramta tunawa da shi ba. Kiristocin farko sun yi saɓani ne a kan rana, kuma sai da ikon sarki ya shigo aka tilasta ra'ayi ɗaya.